Fararen ƙwayoyi biyu a cikin leda ɗaya

Kwana goma sha tara da haihuwa ƙanwata ta daina iya kwanciya. Da ta miƙe a katifa sai numfashi ya sarƙe mata, ta zabura ta tashi tana haki kamar wadda aka biyo da gudu. Muka jera mata filo uku, daga baya a zaune take kwana, jingine da bango. Ƙafarta kuwa in na danna da yatsa sai gurbin ya zauna, ya daɗe bai ciko ba. Inna ta ce jego ne, a ƙara wuta a ruwan wanka, a dama mata kunun kanwa mai kauri. Da muka je asibiti aka yi hoton zuciya, likita ya ce zuciyar ce ta yi rauni, ba ta harba jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a huhu da ƙafa.

Ashe ciwon ba baƙo ba ne a wajenmu. Tun shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi nazarinsa a Zariya, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranta daga baya ya fi karkata ga talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki da rashin sinadarin seleniyom. Wannan ya sa ban ɗora wa Inna laifi ba. Amma tunda zuciya ta riga ta yi rauni, kanwa ta haramta, domin 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki.

Kwana tara na yi ina jinya. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ranar sallama. Na ƙulle kaya, wata nas mai yawan shekaru ta ce, "Hajiya, dawo ki zauna, ba mu gama ba." Ta zazzage ledar magani a kan gado, ta ɗauki ɗaya ta ce, "Wannan na mene ne?"

Na ce, "Sista, ai shi ne farin nan ƙarami na safe."

Ta ɗauko wani, shi ma fari ƙarami, ta ajiye su gefe da gefe a tafin hannunta. Wallahi ban iya bambance su ba. Ɗaya furosemide ne, wanda aka fi sani da Lasix, mai fitar da ruwa ta fitsari. Ɗayan digoxin ne, mai ƙarfafa bugun zuciya, wanda in ya ɗan wuce ƙima sai ya zama guba. Ta ce launi da girma na sauyawa in aka sauya kamfani, sunan da ke jikin kwali ne ba ya sauyawa.

Ta sa na rubuta kowanne a littafi da aikinsa. Lasix da safe, don kada fitsari ya hana barci. Kafin digoxin kuwa, ta kama yatsuna biyu ta ɗora a wuyan hannun ƙanwata, ƙasan babban yatsa, ta sa na ƙirga bugun har minti ɗaya cur. In bai kai 60 ba, kada a ba ta, a kira asibiti. In ta fara amai, ko abinci ya fita ranta, ko tana ganin abubuwa sun koma rawaya, a taho da gaggawa. Nas ɗin ta bayyana min dalilin gwajin jinin da nake ganin ɓarnar kuɗi ce: Lasix na fitar da sinadarin fotasiyom, in ya yi ƙasa kuma sai digoxin ya fi saurin cutarwa. Enalapril, wani maganin zuciya da ke cikin ledar, kan kawo busasshen tari da jiri in an miƙe da sauri, kuma yana lahanta ɗan tayi, don haka sai da ta kira mijin ta yi masa maganar tazarar haihuwa ido da ido.

Ta ce mu sayi sikeli. Kowace safiya bayan fitsari, kafin karin kumallo, a hau a rubuta. Kilo biyu cikin kwana uku ba ƙiba ba ce, ruwa ne.

A mako na biyar sikelin ya nuna kilo biyu da rabi. Na tsare ƙanwata da tambaya har ta faɗi gaskiya. An yi biki a dangin mijinta, ta ji nauyin yawan zagayawa a gidan surukai, sai ta ajiye Lasix kwana uku. Ga ciwon baya na goyo, aka sayo mata diclofenac a kemis. Ban san cewa shi da ibuprofen suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa ba sai ranar, a bakin likita. Ya ce faracitamol ya wadatar, kuma duk wanda zai ba ta magani ta fara nuna masa littafin nan.

Ban yi mata faɗa ba, kunyar surukai na san ta. Abin da na yi shi ne na je na gaishe da surukar tata, na nuna mata gurbin yatsa a ƙafar yarinyar, na gaya mata aikin maganin. Tun daga ranar ita ce ke tura jikarta da sassafe ta tambayo ko an sha, kuma ita ta hana a sa mata dunƙule a miya.

Jiya muka koma asibiti, wata na bakwai ke nan. Likita ya cire digoxin, ya ce sauran a ci gaba ko da ta ji garau. Filo ɗaya take kwana da shi yanzu, sikelin kuma yana nan a bakin gadonta.