Asabar a Rommehed da Baba maƙwabcina

Yau dai Baba ya ci galaba a kaina. Dattijon nan ɗan Suwidin da muke gini ɗaya a Borlänge, tun bara yake min maganar sai ya kai ni Rommehed in ga inda kakanninsa suka sha fareti, ni kuma kullum da uzurina, yau aiki gobe sanyi. Da safe kawai na ji ƙwanƙwasa ƙofa, ga shi da makullin mota da fulas ɗin kofi, to ina zan ce a'a.

Wajen ba nisa, dab da ƙaramin filin jirgin sama na garin yake. Fili ne shimfiɗaɗɗe kamar filin Idi, sai tsofaffin gine-ginen katako a gefe. Nan ne sojan ƙasa na lardin Dalarna, wato Dalregementet, suke taruwa atisaye tun 1796 har zuwa 1908 da aka gina musu bariki a Falun. Baba ba ya ma kiran sunan rundunar, I 13 kawai yake cewa, lambar da aka ba ta a 1816. Shi ma can Falun ɗin ya yi nasa aikin sojan dole yana saurayi, kuma wallahi in ya fara labarin sai ka rantse jiya aka sallame shi.

Rundunar tsohuwa ce sosai, tun shekarun 1620 zamanin Sarki Gustav Adolf take tsaye da sunanta. Ya nuna min hoton tutarsu a waya, an jera sunayen wuraren da suka yi suna, Lützen 1632, Lund 1676, Narva 1700, Gadebusch 1712 da sauransu. Narva ɗin nan ita ce abin alfaharinsu, Sarki Karl na 12 yana da shekara 18 kacal, ana zuba ƙanƙara iska na kaɗa ta cikin idon Rashawa, suka afka wa rundunar da ta ninka su, kanar ɗin mutanen Dalarna a ranar Magnus Stenbock ne kuma shi ma sai da ya samu rauni. Na ce Baba ina Poltava, inda Rashawa suka murƙushe ku? Ya yi dariya ya ce yaro wa ke ɗinka ranar kukansa a tuta.

Ni kuma gaskiya wannan ɓangaren ne ya fi kama ni, don sai da ya min bayanin yadda ake samun sojan tukunna na gane nauyin abin. Daga 1682 Sarki Karl na 11 ya kafa tsarin da manoma ne ke riƙe soja. Za a haɗa gidaje kaɗan a ce ku ne rote ɗaya, ku nemo mutum ɗaya lafiyayye, ku biya shi, ku ciyar da shi, a yawancin ƙasar har ɗan gida da ɗan fegi ake ba shi ya zauna da iyalinsa, ko da yake Baba ya ce a nan Dalarna gonaki ƙanana ne an gutsuttsura su wajen rabon gado don haka ba kowa ya samu gidan ba. Runduna mutum 1,200, kamfani takwas, kowanne mutum 150. In babu yaƙi sojan manomi ne kamar kowa, sai lokacin atisaye ya saka kaki. In ya mutu fa? Gidajen nan dai su ne za su sake nemo wani. Babu ruwan sarki da ko a ƙauyen saura tsofaffi da yara.

To ka lissafa. A 1709 a Poltava, can Yukren ta yau, bayan sun sha wani mugun hunturu da ya kashe mutane tun kafin a harba bindiga, mutanen Dalarna suna cikin bataliyoyin Janar Roos da suka maƙale suna ta kai hari kan wata ganuwar Rashawa har suka rabu da sauran rundunar, kanar ɗinsu Siegroth ya samu raunin ajali, waɗanda suka rage aka kama su, sarki kuwa ya tsallake ya shige ƙasar Daular Usmaniyya. Fursunoni da yawa sai bayan sulhun 1721 suka ga gida, waɗanda suka kai lokacin ke nan. Labari na isowa aka ce a sake tara sabuwar runduna daga ƙauyukan nan dai. Aka tara, aka tura su Jamus ƙarƙashin Stenbock ɗin nan, suka ci Denmak a Gadebusch 1712, shekara na zagayowa aka ritsa su a Tönning suka miƙa wuya a 1713. Aka ce a sake tarawa. Aka sake, aka tafi da su Noway, inda harsashi ya samu Karl na 12 a 1718. Cikin shekara goma an kwashe mazan lardi ɗaya sau nawa ke nan, kuma lardin da noman ma da kyar yake ciyar da mutanensa. Ni dai da ni ke rubuta tarihin nan da matan da suka riƙe gonakin zan fara.

Mun zauna a kan benci muna shan kofi da burodin kirfa, hannuna duk ya sandare, sai ya kawo zancen 1743 yana wani murmushi. Suwidin ta sake jan Rasha da yaƙi a 1741 ta sha kashi a Finlan, aka zo neman sababbin mutane, manoman Dalarna suka ce ya isa haka. Dubbai suka tako a ƙasa har Stockholm, kuma sojojin rundunar da yawa suka bi iyayensu maimakon hafsoshinsu, suna neman a hukunta janar-janar ɗin da suka jawo asarar, kuma a naɗa yariman Denmak magajin sarauta. A tsakiyar birnin, filin da yanzu ake kira Gustav Adolfs torg, sojojin gwamnati suka buɗe musu wuta, aka kama da yawa, cuta ta kashe wasu a tsare, aka yanke wa shugabanninsu hukuncin kisa. Amma janar biyun ma, Lewenhaupt da Buddenbrock, an sare kansu a shekarar. Baba ya ce mutanen Dalarna haka suke tun zamanin Sarki Gustav Vasa, su ɗora sarki su kuma tayar masa da hankali, kuma na lura yana faɗin haka da alfahari ba da kunya ba.

Sauran labarin ya yi shi a gurguje a mota. Tun 1814 Suwidin ba ta sake shiga yaƙi ba, a 1901 aka soke tsarin manoman aka koma kowane saurayi ya yi nasa, sannan a 2000 gwamnati ta ce Tarayyar Sobiyet ta rushe babu sauran barazana, ta rufe I 13 tare da wasu rundunoni da dama. Ya ce ranar ya ji kamar an rushe makarantarsu ta firamare. Sai ga shi 2017 an dawo da aikin sojan dole har da mata, 2021 an sake buɗe Dalregementet a Falun, 2024 ƙasar ta shiga NATO, duk saboda Rashar nan dai.

Da muka dawo Mama matarsa ta tsare ni sai na ci abinci, kifi da dankali. Ashe jikarsu ta cika 18 an aiko mata ta cike takardun tantancewa na soja, Baba sai washe baki yake wai Allah ya sa a tura ta Falun. Mama ta ajiye cokali ta ce masa shi da bai taɓa jin ƙarar harsashi ba sai a filin atisaye ya daina yi wa yarinya fata. Suka juyo wai in raba gardama, na ce ni baƙo ne, a ƙaro min dankali.