Abin da takardun akupancha suka koya min kan ciwon huhu

Aikin da aka ba ni a rukunin bincikenmu a baki dai mai sauƙi ne, in karanta takardun gwajin da aka yi na akupancha, wato tsira siraran allurai irin na Sinawa, a kan masu ciwon toshewar huhu da likitoci ke kira COPD, in cike tebur a Excel. Ciwon nan ba na wasa ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kashe mutum miliyan 3.23 a 2019, kuma ba ya warkewa sai dai a lallaɓa shi da maganin shaƙa, to dole mutane su nemi duk abin da zai rage musu haki.

Abin da na fara ganewa shi ne an riga an tsara yadda ake rubuta irin wannan rahoto. Akwai CONSORT da ya fito tun 1996, bugun 2010 na da abubuwa 25 da duk mai gwajin magani zai faɗa, sannan akwai STRICTA na masu allura kawai, wanda su Hugh MacPherson suka gyara a 2010, kanu 6 da aka fasa zuwa 17. Tambayoyin ma ba masu wuya ba ne fa. Allura nawa ka tsira, a ina, zurfin nawa, minti nawa ta zauna a jiki, ka murza ta ko ka haɗa da lantarki, mara lafiya ya ji ɗan nauyin nan da suke kira de qi ko bai ji ba, wa ya tsira, shekara nawa yana aikin. Amma wallahi sai ka karanta takarda daga farko har ƙarshe ka ga sun lissafa lambobin wuraren tsira allura a jiki irin su BL13 da ST36 shi ke nan, zurfi babu, wanda ya yi aikin kuma "ƙwararre ne" kawai, to idan wani asibiti ya so maimaita abin ta ina zai fara?

Inda na fi daɗewa shi ne maganar rabon marasa lafiya. Kowa zai rubuta cewa ta ƙuri'a aka raba su gida biyu, amma wace irin ƙuri'a, kwamfuta ce ta fitar da lambobi ko kuwa wanda ya zo Litinin a sa shi nan na Talata a sa shi can, kuma likitan da ke ɗaukar mutane ya san inda na gaba zai faɗa ko an rufe a ambulan da ba a ganin cikinsa. Wannan ba tsirfa ba ce, Schulz da abokan aikinsa sun nuna a mujallar likitoci ta JAMA a 1995 cewa gwajin da ba a ɓoye rabon da kyau ba yana kumbura amfanin magani da kusan kashi 40 cikin ɗari. Shi kuma Wu Taixiang da tawagarsa a 2009 waya suka bi suna buga wa marubutan da suka ce sun yi ƙuri'a a mujallun ƙasar Sin, waɗanda suka yi ta gaske ba su kai 1 cikin 10 ba. Tun da na san haka na daina fara karatu daga sakamako, sashen hanyar bincike nake fara buɗewa.

Ba wai duka ne haka ba. Gwajin Masao Suzuki na Japan da ya fito a 2012, mutum 68, sau ɗaya a mako har mako 12, sun yi amfani da allurar bogi wadda ba ta huda fata, suka auna haki da ma'aunin Borg bayan tafiyar minti 6, kuma masu allurar gaske sun fi samun sauƙi. Mutanen ba su da yawa, kuma mai tsira allura ai ya san wadda ke hannunsa, amma an faɗa maka abin da aka yi har kana da abin kamawa ka yi musu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne shirun da ake yi kan illa. Mai COPD sau da yawa ramamme ne, huhunsa ya kumbura da iska, ga shi wasu wuraren da ake tsira wa allura a baya suke daidai saitin huhun, kuma sananne ne allura na iya huda shi iska ta taru a ƙirji huhu ya tsuke. Sai takarda ta ƙare ba ko layi ɗaya a kai, ko a ce "ba a samu matsala ba" ba tare da an faɗi wa ya duba ba, an tambayi marasa lafiya ne ko jira aka yi su kawo ƙara da kansu, waɗanda suka daina zuwa kuma ina suka shiga. A teburina irin wannan ba na rubuta masa babu illa, "ba a faɗa ba" nake rubutawa, in tura wa marubucin imel in tambayi zurfin allurar da mutum nawa suka fice da dalilinsu.