Argungu: na je suna, na tarar da shari'ar Gyokeres

Suna ne ya kai ni Argungu a ƙarshen watan Yulin 2025. Abokina da muka yi hidimar ƙasa tare, Bakabe, ya samu ƙaruwar ɗa namiji, ya kuma rantse in ban taka ƙafata na zo ba, to ba ni ba shi. Da asuba na shiga Sharon daga Kano, don duk direban da ya san hanyar Zamfara ba ya yarda la'asar ta yi masa a tsakanin Funtuwa da Gusau. Kuɗin mota kam kada a tambaya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, zumunci ya koma na mai hali.

Daga 'Yankara zuwa Tsafe motar ta yi tsit, har matar da ke bayana, wadda tun Gwarzo take ba da labarin kishiyarta, ta koma jan carbi. A wani shinge bayan Gusau wani mai kaki ya sa na sauke jakata, ya zazzage kayan jariran da na sayo a Kwari a kan bonet, ya ɗaga wata 'yar riga da yatsa biyu ya ce ina rasit. Na ce, "Yallaɓai, kayan barka ne." Ya ce bai tambaye ni tarihi ba. Direba ya sauko, suka gaisa irin gaisuwar da aka sani, ni kuma aka bar ni ina kwashe safar jariri daga ƙasa. Talata Mafara, Tureta, Sakkwato, duk a gyangyaɗi na wuce su.

Abin da ya wartsake ni shi ne fadamar Argungu. Da damina ce, ruwa ya kwanta, shinkafa kore shar iya ganinka. Mu a Kano shinkafa a buhu muka fi saninta, a Dawanau ko Singa. Daga tasha na hau kabu-kabu, har na ɗan ji wani iri, don rabon da a ga ɗan acaɓa da fasinja a cikin birnin Kano tun 2013, sai dai a daidaita sahu. Yaron bai ƙara mini ko sisi ba duk da ya ji bakina na baƙo ne. Da dare aka kawo tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, kifin da da safe yana cikin ruwa. Na ci har na ji kunyar uwargida.

Washegari Alhamis, 31 ga wata, mata suka cika gida da daka da suyar cincin, aka nuna mana ƙofa. Mai masaukina ya ce dama Arsenal na da wasa da Tottenham da sha biyu da rabi. Ƙwallo da rana tsaka, ranar aiki! Ashe a Hong Kong ake yi, can dare ya yi, sun riga mu da awa bakwai. Wasan share fage ne, ba maki ba kofin kirki, amma an ce shi ne karon farko da waɗannan maƙwabtan na arewacin Landan suka haɗu a wajen Birtaniya.

Gidan kallon rumfar kwano ce a bayan kasuwa, benci jere, talabijin biyu, allo a ƙofa an rubuta wasan da alli. Naira 200 ne shiga. Na miƙa kuɗi, mai gidan ya ture hannuna: "Baƙo ba ya biya nan. Shiga, Malam, ga wuri gaba." A unguwarmu, ko surukin mai gidan kallo ne kai sai ka biya, in kuma wuta ta ɗauke a ce a ƙaro na mai. Nan sola ce da batir, ba ƙarar janareto, kana jin mai sharhi tar. Na zaci zan tarar da mutum goma. Rumfa ta cika maƙil, wasu da laka a ƙafa, daga gona suka zarce.

Wasan kansa ba wani abin a zo a gani. Tottenham, da sabon kocinsu Thomas Frank, sun fi zafi kafin hutu, ƙwallonsu ta daki turke ba sau ɗaya ba. Dab da hutun rabin lokaci aka ƙwace ƙwallo a ƙafar Lewis-Skelly na Arsenal a tsakiyar fili, Pape Matar Sarr ɗan Senegal ya ɗaga kai ya hango golan Arsenal David Raya ya baro raga, ya aika ta sama daga kusan layin tsakiya. Ta sauka a ciki. Rumfa ta yi shiru, sai wani yaro ɗaya tal a can baya da ya haye benci yana ihu. Magoyin bayan Tottenham a Argungu! Ni a Kano ma ban taɓa haɗuwa da irinsa ba. Aka fita aka yi azahar a gurguje, aka dawo. Wanda kowa ya zo gani, Viktor Gyokeres, sabon ɗan gaban da Arsenal ta sayo, sai da ya rage kamar kwata a tashi aka sako shi. Ya yi 'yan guje-guje, aka hura usur. Ɗaya da nema.

A nan ne aka fara abin da ya sa nake wannan rubutu. Ba wanda ya tashi. Mai gida ya kashe sauti, aka juya benci biyu suna fuskantar juna.

Wani ɗan kabu-kabu mai rigar Chelsea ne ya buɗe fage, yana duban wani tela da ya sha jar riga mai lamba 14 sabuwa fil. "To mi yay yi? Kun cika muna kunne wata biyu, ga shi yaz zo. Sau nawa yat taɓa ƙwallo? Fan miliyan hamsin da biyar!" Tela ya ce a ji tsoron Allah, mutumin ko mako bai cika a kulob ba, kuma bai yi atisaye da tsohon kulob ɗinsa Sporting na Fotugal ba saboda rigimar tafiyarsa. Ƙwallo 54 ya ci a kakar da ta wuce, 39 a lig kaɗai. Ɗan Chelsea ya ce lig ɗin Fotugal ai ko Darwin Nunez ya yi sarauta a cikinsa, da Liverpool ta ɗauko shi daga Benfica me aka gani? Ya ƙara da cewa wannan Gyokeres ɗin ya taɓa zama a Brighton, bai buga musu ko wasan Firimiya ɗaya ba, sai a Coventry ya samu kansa. Ni kaina na jinjina. Yaron da ke yini a kan babur ya riƙe tarihin ɗan wasan wani kulob kamar karatun allo.

Ya kuma ƙi sauka. Wai Arsenal ta mai da Chelsea kasuwar gwanjo: Havertz, Kepa, yanzu Madueke. "Dut abin da munka yar, ku ka tsincewa." Su kuwa ga kofin duniya na kulob-kulob a hannu, sun lallasa PSG uku da nema. A kan wannan ba wanda ya iya ce masa komai.

Sai wani malamin firamare, mai tabarau da waya a hannu, ya karkatar da maganar. Ya ce shi ba ruwansa da ɗan gaba, gola ne matsalarsa. Me Raya yake nema a can waje? Tela ya ce haka kocinsu Arteta ke so, gola ya fito ya zama kamar mai tsaron baya na ƙari, a riƙa fara wasa daga ƙafarsa. Laifin na wanda ya yar da ƙwallo ne. Wani ya ce ba yar da ita ya yi ba, keta aka yi masa alƙalin wasa ya kau da kai. Wani ya ce yaro ne ɗan shekara 18, a bar shi ya girma. Nan aka rabu gida uku, kowa na da wanda zai rataya wa ci ɗaya tak na wasan da ba a lissafa shi. A ganina tela ya fi gaskiya. In ka ce gola ya tsaya nesa da raga, ka yarda ke nan wata rana za a yi maka irin wannan, kuma gara a yi maka a Hong Kong da a yi maka a watan Afrilu.

Inda murya ta tashi sosai shi ne kan Osimhen. A makon ne cinikinsa da Galatasaray ya faɗa, Yuro miliyan 75. Malamin ya ce wannan abin kunya ne ga Arsenal: ga ɗan ƙasa, gwarzon Afirka na 2023, wanda ya ci 26 a Napoli ya ba su kofin lig na Italiya, an bar shi ya zauna Turkiyya an je an ɗauko Bature. Ya ce rabin masu son Arsenal a ƙasar nan saboda Kanu suka fara, amma kulob ɗin ya manta. Tela ya ce albashin Osimhen ne ba a iya biya. Aka ce masa ƙarya ne, rowa ce. Yaron Tottenham ya samu kafa ya jefa tasa: su ai sun ɗauko Kudus, ɗan Nima ta Ankara a ƙasar Gana, unguwar da ake jin Hausa kamar nan. Aka ce ya zauna, manya na magana.

Duk wannan ina zaune ina cin gyaɗa. Wasu samari biyu 'yan United suka fara baza cewa su da asubar ranar sun ci Bournemouth huɗu da ɗaya a Amurka, bana ba mai tare su. Ni ma United nake yi, shi ya sa abin ya ƙona ni. Na ce, "Ƙannena, ku tuna 2022. A Bankok muka ci Liverpool huɗu da nema, wasan farko na koci Ten Hag, muka hana mutane barci. Da aka fara lig Brighton ta ci mu har gida, Brentford ta zuba mana huɗu kafin hutu." Na yi nufin in nuna wasan share fage ba ma'auni ba ne. Abin da rumfa ta ji kawai shi ne baƙon nan ɗan United ne. Nan take Arsenal da Chelsea suka shirya. Kulob ɗin da ya ƙare na 15 a tebur! Yaron Tottenham ya matso har gabana, da ladabinsa kuwa, ya ce, "Kawu, halan kun manta Bilbao?" Kulob ɗin da ya shekara 17 ba kofi, a kanmu ya karya azumi a watan Mayu, a wasan ƙarshe na kofin Europa a birnin Bilbao. Mai masaukina, maimakon ya cece ni, dariya yake har da riƙe ciki.

Akwai wani dattijo a gefen ƙofa, masunci ne aka ce, da hula ta sha jiki, tun da aka fara bai tanka ba. Tela ya ce, "Baba, raba mu. Ɗan wasa na ko ba ɗan wasa ba?" Ya ce, "Ku dut kuna cinikin kihi shina cikin ruwa. Ku bari a jawo homa." Sai ya tambaya ko wannan sabon yana iya sa kai kamar Drogba, tsohon ɗan gaban Chelsea. Ashe Baba ma Chelsea yake yi, aka sake ɓarkewa.

Abin da ya fi burge ni shi ne har aka gama ba a zagi uwar kowa ba. Awa biyu ana ɗaga jijiyar wuya, ana nuna juna da yatsa, amma iyakarta a ce maka ba ka san ƙwallo ba. Na sha ganin musun da bai kai wannan ba ya ƙare da fasa benci a wajenmu. A ƙarshe tela ya ce in Gyokeres bai ci ashirin a lig bana ba, zai ɗinka wa ɗan Chelsea kaftani kyauta. In ya ci, shi kuma ya yi wata guda yana kai shi shago. Malamin ya ce wannan caca ce, haramun. Aka yi shawara aka mai da ita alƙawarin kyauta tsakanin 'yan'uwa, aka ce baƙo ne shaida tunda ba shi da rabo a kofi ko ta wane gefe. Hadari ya haɗo, aka kira la'asar, tela ya saya wa kowa rake a ƙofa, har da yaron da ya ci su.

Juma'a aka raɗa suna, aka ci rago. Da yamma aka zaga da ni gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi, na ga ganguna da kayan yaƙi. Muka leƙa Matan Fada, inda ake bikin kamun kifin da aka faro a 1934. Ruwa ya cika ya yi ja, ba kowa sai masu kwalekwale. A kasuwa na sayi rabin buhun shinkafa 'yar gida da bandar kifi. Mai shinkafar ta fi 'yan Singa iya ciniki, sai da uwargida ta sa baki ta sauko, kuma duk da haka ragin da na samu kuɗin lodi a tasha ya cinye shi.

Dawowa ta Sakkwato na sake biyowa, kifi na ta ƙamshi a but, fasinjoji na tsaki. Tela ya karɓi lambata kafin in taho. Ran 17 ga Agustan 2025 United ta karɓi Arsenal a Old Trafford a wasan farko na lig, tun kafin nan ya riga ya turo saƙo cewa kada in kuskura in kashe waya ranar.