Ranar da na sha ƙasa a Nozawa

Asabar, wajen goma na dare.

A rub-da-ciki nake rubuta wannan, kan katifar da aka shimfiɗa mini a ƙasa, don zama ya gagara. Mazaunaina sun yi tsami, gwiwar hagu kuma sai na lallaɓa ta take lanƙwasuwa. Amma idan na bari sai gobe, rabin abin da na gani zai zube.

Jiya da daddare muka iso Nozawa Onsen, wani ɗan ƙauye a cikin duwatsun lardin Nagano na ƙasar Japan, ni da abokan karatuna biyu: ɗaya Bajapane ɗan lardin Niigata, ɗaya ɗan Indonesiya. Daga Tokyo zuwa Iiyama a jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya, Shinkansen, ko awa biyu ba mu cika ba, daga nan bas ta hau da mu dutse cikin kamar minti 25. Duhu ya hana ni ganin komai sai farin bango hagu da dama, wanda na zaci katanga ce. Da gari ya waye na gane dusar ƙanƙara ce da motar share hanya ta ture gefe, ta fi ni tsawo.

Ƙarar ruwa ce ta tashe ni da asuba. Na ɗauka sama ce ta ɓalle, na leƙa taga, ashe a ƙarƙashin titi yake gudu, cikin magudanai, tururi na fitowa ta ramukan murfin ƙarfe. Duk ƙauyen haka yake, kamar an ɗora shi a kan tukunya. Ga wani wari mai kama da na baragurbi, wanda aka ce na farar wuta ne da ke cikin ruwan. Kafin azahar hancina ya daina jin sa. Na yi alwala da ruwa mai ɗumi, na duba waya na daidaita alƙibla. Shekarata biyu a ƙasar nan, har yau idan na tayar da salla ina fuskantar yamma sai in ji wani banbaraƙwai. Mu da muka tashi kalmar "gabas" kanta salla take nufi.

Tsohuwar da ke da masaukin ta kawo karin kumallo: shinkafa, gasasshen kifi, ɗan romo, da wani koren ganye da aka tsuma a gishiri. Ta nuna ganyen da yatsa ta ce "nozawana", tana kallona ta ga yadda zan yi. Na ci. Gishiri-gishiri, tsami kaɗan, yana ƙaras-ƙaras a baki, har da ɓurɓushin ƙanƙara a jikinsa don daga randar da ke waje ta tsamo shi. Ta ba da labarinsa, abokina yana fassara mini. Wai a 1756 wani malamin haikalin Kenmeiji da ke nan ƙauyen ya dawo daga Kyoto da irin wani tushe da ake nomawa a can. Da aka shuka, sanyi ya hana saiwar ƙosawa, sai ganye ya yi ta tsawo. Mutanen ba su zubar ba, suka mayar da ganyen abinci, yau ga shi duk Japan da sunan ƙauyensu ake kiransa. Na ƙara sau biyu, tsohuwa ta yi ta murna kamar na biya ta bashi.

Sai maganar da ta kawo mu, wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara.

Tun a shagon haya na san akwai aiki. Takalmin roba ne mai tauri, ya kai rabin ƙwauri, ana ɗaure shi da maƙullan ƙarfe har sai idon sawu ya daina motsi. Da na miƙe, tafiyata ta koma ta wanda aka sa wa mari. Ga alluna biyu dogaye a kafaɗa, ga sanduna biyu a hannu, ga hular kwano. Allah ya taimake ni akwai wata hanya mai tafiya da kanta a cikin rumfa, irin ta filin jirgi, ita ta haura da mu zuwa filin Hikage inda 'yan koyo ke taruwa.

Ɗan Niigata ne malaminmu. Ya ce sirrin duka ɗaya ne: haɗa kawunan allunan a gaba, ware gindinsu a baya, su yi siffar wani harafinsu da ake kira "ha". Ya zana shi a kan dusar da sanda. Ina gani na ce ai wannan takwas ɗin Larabci ce, wadda muke rubutawa a allo. Na samu abin riƙewa: idan ina son tsayawa, in yi takwas. A baki mai sauƙi ne. Ƙafafuna dai sha ɗaya suka fi so, allunan su miƙe sambal su kwashe ni sai inda ƙarfinsu ya ƙare. Na fara lissafin faɗuwa, da na kai goma sha biyu na bari. Faɗuwar ba ta da zafi sosai, dusar nan laushi gare ta kamar garin alabo. Tashin ne wahala, ka yunƙura allo ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma. Abin da ya fi ci mini rai wasu yara ne, ba su wuce shekara biyar ba, sun jeru bayan malamarsu kamar 'yan tsaki, ko sanda babu a hannunsu. Suka kewaye ni ina kwance, ta ƙarshensu ta tsaya ta leƙa fuskata, ta tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau. Me zan ce?

Amma wajen sha ɗaya na yi wata saukowa guda ɗaya, daga sama har ƙasa, na karkata dama, na karkata hagu, na yi takwas na tsaya cak a kan ƙafafuna. Ba ta fi minti biyu ba. Iskar da ta bugi fuskata a minti biyun nan ta sa na fahimci abin da ke ɗebo mutane tun daga Ostareliya zuwa wannan lungu, don Turancinsu kake ji ko'ina a kan layi.

Muna hutawa, malamin namu ya buɗe babin alfahari. A garin Takada na lardinsu, in ji shi, wani hafsan sojan Ostiriya mai suna Theodor von Lerch ya fara koya wa Japanawa wannan wasa a 1911. Nozawa kuma ta samu nata rabon a 1930, da wani gwanin Ostiriya, Hannes Schneider, ya zo ya nuna salonsa. Ya nuna mini gangaren da aka sa wa sunan mutumin. Na ɗaga kai na dube shi, na ce wannan ai bango ne. A nan ƙauyen ne kuma aka yi gasar zamiya haɗe da harbin bindiga lokacin wasannin Olamfik na hunturu na Nagano a 1998.

Da azahar muka shiga akwatin da ke tafiya a kan waya, ya lula da mu can sama wajen dutsen Kenashi, mai tsawon mita 1,650. Sunan wai "marar gashi" yake nufi, wato dutse mai sanƙo, alhali cike yake da itatuwa, kowanne ya yi rawanin dusa. A can na tambayi dalilin wannan dusa mai yawa haka. Iska ce ke tasowa daga Saibiriya a bushe, ta ratsa Tekun Japan ta sha danshi, ta zo ta ci karo da duwatsun nan ta sauke kayanta. Na ce to, hunturunmu ke nan aka juya: tamu ta ratso Sahara ta kawo ƙura, tasu ta ratso teku ta kawo dusa. Su biyun suka sauko da allunansu. Ni a cikin akwatin na koma, ni kaɗai da wata mata mai goyo, ban kuma ji kunya ba.

Na yi azahar da la'asar ƙasaru a ɗaki, na fita yawo cikin ƙauyen ni kaɗai, kuma a nan ranar ta canza.

Ka bi wani lungu mai hawa, ka tarar da Ogama. Kududdufai ne biyar da aka daɓe da dutse, ruwan yana tasowa daga ƙasa da zafin da ya kai wajen digiri 90, tururi ya rufe wajen. An kewaye da sarƙa, baƙo ba ya shiga, sai ɗan gari. Ina tsaye wani dattijo ya zo da takalmin ruwa, ya ɗaga sarƙar ya wuce kamar mai shiga madafin gidansa, ya zura kwandon ganye cikin ruwan, ya koma gefe ya sa hannu a aljihu. Bai ko dubi masu ɗaukarsa hoto ba. Sunan wajen daga wata shuka mai zare ya samo asali, da a da ake jiƙawa a nan don ɓawonta ya saki, yadda ake jiƙa rama a tafki kafin a ɓare igiya. Na sayi ƙwai biyu a wani shago, na sa a raga, na rataya a ɗan kwamin da aka ware wa baƙi. Da na fasa, gwaiduwa ta kama, farin kuma yana nan ruwa-ruwa. Su a haka suke so. Na runtse ido na haɗiye ɗaya, ɗayan yana aljihun rigata har yanzu.

Gidajen wanka na jama'a 13 ne a ƙauyen da mutanensa ba su kai dubu huɗu ba. Babu mai karɓar kuɗi a ƙofa, sai ɗan akwati a bango, ka jefa abin da ya sawwaƙa. Kowace unguwa ke riƙe da nata, ta wani tsari da suke kira yunakama, abokan ruwan zafi, wanda ya faro tun zamanin da Japanawa ke kira Edo, ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Su ke karo-karon kuɗin wuta, su ke wanke wajen bi da bi, gida-gida. Na daɗe ina juya wannan a raina. Ba wai ba mu san gayya ba, mun san ta sarai, da ita aka yi masallacin unguwarmu. Amma fanfon burtsatsenmu da ya lalace, wata takwas muka yi muna jiran wanda zai zo neman ƙuri'a ya gyara. Masallacin namu ne, fanfon kuwa na wanda ya rubuta sunansa a jiki ne. Nan kuwa, da kaka, a wasu daga cikin gidajen wankan matan gari ke wanke ganyen nozawana kafin su tsuma shi. Wurin da kake wanke abincinka ba ka jiran wani ya share maka.

Wanda ya fi shahara a cikin gidajen wankan, O-yu, yana tsakiyar gari, ginin katako mai kyau kamar haikali. Abokaina suka same ni a nan, kowa da ɗan tawul. Na san ƙa'idar tun kafin in zo: tsirara ake shiga, maza ɓangarensu mata nasu, tawul ma ba ya taɓa ruwa. Na dai yi wa kaina fatan ko akwai wata dabara. Na tura ƙofa. Babu ko labule tsakanin wajen tuɓe kaya da kwamin wankan, ɗaki ɗaya ne. Tsofaffi uku na zaune cikin ruwa har wuya, sun yi jawur, suna hirarsu. Ɗaya ya ɗaga mini hannu alamar in shigo. Na sunkuyar da kai na ja ƙofar a hankali. Ba raina al'adarsu na yi ba, su a wajensu babu abin kunya a ciki, kuma na ga mutunci a yadda ya kira ni. Ni ne dai tsakanin cibiya da gwiwa ba na iya sakewa. Na jefa yen 100 a akwatin duk da ban jiƙa ko yatsa ba.

Akwai wajen tsoma ƙafa a waje kusa da nan. Ni da ɗan Indonesiya muka naɗe wanduna muka zauna, dusa na sauka a kafaɗunmu, ƙafafu na dahuwa. Na ba shi labarin Wikki ta Yankari, inda ruwan ke zama a digiri 31 rani da damina, aka kai mu muna 'yan sakandare muka yi ta iyo da gajerun wanduna, gwaggon biri na sace mana biskit. Malaminmu ya fito daga O-yu yana tururi kamar dafaffen rogo. Ya ce kwami biyu ne a ciki, ɗaya an rubuta "mai zafi", ɗaya "mai ɗumi", kuma wanda ya rubuta na biyun maƙaryaci ne.

A hanyar dawowa na lura da gumakan itace bibbiyu, mace da namiji, an zana musu fuska, a ƙofofin gidaje da shaguna. Dosojin ake kiransu, kuma kowace 15 ga Janairu ana yi musu bikin wuta: a gina hasumiyar itace, 'yan shekara 42 su hau sama su zauna, 'yan shekara 25 su tsare ƙasa, sauran gari su kawo hari da bakin wuta. Mun makara da wata guda.

Ashe malaminmu ya tsegunta wa tsohuwa abin da ya faru a O-yu. Bayan cin abincin dare ta kira ni da hannu, ta kai ni ɗan ɗakin wankan masaukin, ta juya wani allo da ke rataye a ƙofa, ta nuna agogo ta ɗaga yatsu uku: minti talatin, ni kaɗai. Na wanke jikina tas a kan 'yar kujera kamar yadda ake yi, sannan na zura ƙafa. Na ciro ta da sauri. Na sake. Sai a karo na uku na nutse har wuya, na ji duk faɗuwar safe tana narkewa ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗan tagar da ke sama ina ganin dusa tana wucewa a gaban fitilar titi.

Da tara na kira gida, can ɗaya na rana. Na juya wayar na nuna wa Hajiya tulin dusar da ke bakin taga. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Auta, karatu aka tura ka ko neman ciwon haƙarƙari?" Na ce ai ruwan zafi ma daga ƙasa yake fitowa a nan, ba a hura wuta, har ganye ake dafawa a ciki. Ta ce, "Ikon Allah. To su ba sa sayen gawayi ke nan?" Ta sa na yi mata alkawarin sa safa biyu kafin in kwanta.

Gobe bas ɗinmu sha biyu da rabi. Malaminmu ya ce akwai lokacin zamiya ta awa biyu kafin nan. Na ce masa sai na ji abin da gwiwar hagu ta ce da asuba.