Rahoton mako na shida: uwar harshe ta haifi 'ya'ya biyu

'Yan'uwa masu koyon ƙirƙirar harshe, ga inda aiki ya tsaya. Uwar harshen, wato harshen asali da na ƙirƙira don wasu harsuna su fito daga cikinsa, ta kammalu: baƙaƙe 13 (p t k b d g m n s l r w y), wasula 3 (a i u), kowace gaɓa baƙi da wasali ce kawai. Saiwoyin kalmomi sun kai 210. Na fara da jerin kalmomi 100 na masanin harsuna Morris Swadesh na 1955, irin su ruwa, wuta, ido, jini, sauran na ƙara daga abin da masu harshen za su buƙata. Kalmar uwar harshe ana sa mata tauraro a gaba, kamar *laka, don a san ba a cikin 'ya'yan take ba.

Wannan makon na raba ta gida biyu, Tudanci da Kwaranci. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne a ɗauki kalmomi ɗai-ɗai ana yi musu kwaskwarima da ka. Sauti da doka yake canjawa, dokar kuma tana bi ta kan duk kalmar da ta cika sharaɗi. Hausa ma shaida ce: k na ƙarshen gaɓa ya koma w, shi ya sa muke da talaka amma talauci; inda wasu ke cewa zamna da sabka, wasu zauna da sauka suke cewa. Masana na kiranta dokar Klingenheben.

Tudanci ya samu dokoki uku. Na farko ganɗantawa, k ya koma c a gaban i, kwatankwacin yadda t ke yi a mota da motoci. Na biyu, a ya koma e idan gaɓar da ke biye tana da i. Na uku, wasalin ƙarshen kalma ya shafe.

A uwar harshe ana yin jam'i ne da musanya wasalin ƙarshe da i: *laka hannu, *laki hannaye. Ku bi jam'in mataki-mataki: laki, laci, leci, lec. Tilon kuwa dokar ƙarshe kaɗai ta taɓa shi, ya zama lak. Ke nan Tudanci yana da lak da lec, jam'in da ba wanda ya zauna ya tsara shi, kuma c da e da ba su a uwar harshe yanzu sun zama ƙwayoyin sauti masu bambanta ma'ana. Ta wannan hanyar ce Ingilishi ya samu foot da feet. Amma a gwajin farko shafewar wasali ce na sa a sama. Da i ta faɗi, sauran dokoki biyun ba su tarar da abin da za su yi aiki a kansa ba, tilo da jam'i duk suka fito lak. Dokar da ke share sharaɗi dole ta zo bayan dokokin da ke dogara da sharaɗin.

Ko bayan gyaran jeri, akwai ragowar matsala. Kalma irin *sulu, tauraro, jam'inta *suli, ba k ba a, don haka duka biyun sul suka zama. Kada ku yi saurin ƙaro doka ta huɗu don ceto ta. Masu harshe na gaske kan toshe irin wannan giɓi da wata kalma. Na ɗauko *dama, mai nufin tarin abu, wadda ta zama dam, na manna ta a ƙarshen kalma a matsayin ɗafa-ƙeya: sul, suldam. Yanzu akwai tsohon jam'i mai canja wasali da sabo mai ɗafi, kuma tsohon zai fi daɗewa a kalmomin da ake faɗa kullum.

Kwaranci bai ba da wahala sosai ba. Tsakanin wasula biyu, b ya koma w, d ya koma r, g kuma ya ɓace. Bayan haka p t k suka cike gurbinsu, suka zama b d g. Rabin na biyu shi ne abin da ya faru daga Latin zuwa Sifaniyanci, vita ta zama vida, amicus ta zama amigo. To *pagu, tsuntsu, ta zama pau, *paku, wuta, ta zama pagu. Juya jerin, wuta da tsuntsu su haɗe a pau. Hannu a Kwaranci laga ne, jam'i lagi. Ajiye shi kusa da lak da lec za ka ga kama ta jini ɗaya, kuma mai kwatanta su zai iya komawa baya ya gano *laka. Wannan shi ne gwajin da nake yi wa kowace doka.

Kalmomin aro kuma su ne suka fi daɗi. Idan Tudanci ya ari pagu daga Kwaranci bayan shafewar wasali ta gama aikinta, kalmar za ta zauna da wasalinta, ta yi zuru kusa da pak, wadda Tudanci ya gada daga *paku. Saboda haka teburin kwamfuta da nake jera kalmomin a ciki yanzu yana da ginshiƙai shida: saiwa, ma'ana, sakamakon kowace doka ta Tudanci, sai matakin da kalmar ta shigo. Manhajar Lexurgy na iya gudanar da dokokin a kan jeri duka, amma kalmomi 20 na farko ku yi su da hannu, a nan ake kama kuskuren jeri.

Mako mai zuwa aikatau: wakilan suna za su manne a ƙarshen aikatau kafin shafewar wasali a Tudanci, mu ga nawa ne za su rage a rarrabe.