Talata, ni da Kawu da shafin makaranta

Yau ban taɓuka komai a shago ba. Da hantsi Kawu ya kira, wai fom ɗin neman gurbin karatu da ke shafin intanet na makarantarsa ya daina aiki, iyaye suna cikewa suna latsa maɓallin aikawa, sai shafin kuskure ya fito musu. Na bar wa Auta shagon na hau babur.

Na same shi a ofis gaban tsohuwar kwamfutarsa, tabarau a karan hanci, FrontPage 2003 a buɗe. Kun san Kawu da wannan manhajar. Da ita ya gina shafin da hannunsa, kuma duk zangon karatu shi yake sauya ranar komawa makaranta da jerin littattafai, ya latsa Publish, ya jingina da kujera yana kallon fayiloli suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Yau Publish ɗin ma ya ƙi.

Da na shiga asusunmu wajen masu ajiye mana shafin, sai na tarar sun kwashe mu zuwa sabuwar saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, kuma babu FrontPage Server Extensions a kanta, ƙananan manhajojin da fom ɗinmu ke dogaro da su. Na tuntuɓe su, wanda ya amsa ya ce min cikin ladabi ba za a mayar ba. Ban ga laifinsu ba. Tun 2006 Microsoft ta jingine FrontPage, ta fito da Expression Web da SharePoint Designer a madadinta. Abin da aka daina toshe wa ɓaraka, ba mai son ya bar shi a sabar da jama'a da yawa suke tarayya a kai.

Aikin yana wajen yi wa Kawu bayani.

Ya ce, "To ai ga shafin nan yana buɗewa. Ga hotuna, ga komai. Me ya lalace?"

Na ce, "Kawu, rubutu da hotuna fayiloli ne kawai a ajiye, ko'ina aka sa su za su buɗe. Amma fom ɗin, da akwatin bincike, da ɗan abin nan mai ƙirga baƙi, ba a kwamfutarku suke aiki ba. Wasu ƙananan manhajoji ne a can kan sabar suke karɓar abin da uba ya cike, su rubuta a fayil, su turo muku ta imel. To su aka cire."

Ya yi shiru, sannan ya tambayi mafita. Na ce a mayar da shafin kan WordPress, wata manhajar gina shafuka ta zamani, a huta. Sai ya cire tabarau ya dube ni.

"In ka mayar da shi can, ranar da aka ɗaga hutu zan iya gyarawa da kaina, ko sai na jira ka taso daga shago?"

Na ce zan koya musu.

Ya ce, "Ɗan nan, wannan ɗin sai da na sha wuya kafin hannuna ya faɗa. Ban ƙi sabo ba. Amma ba na son makarantata ta koma sai na roƙi wani kafin in sanar da iyaye abu."

Wannan maganar ce ta tsaya min a rai har yanzu. Mu masu wannan sana'a da mun ga tsohon abu sai mu ce a rushe, mukan manta cewa akwai mai shi, kuma iya sarrafa shi da kansa yana daga cikin abin da ya mallaka.

Sai na canza shawara. FrontPage 2003 tana iya ɗora fayiloli ta FTP, wata hanyar tura fayiloli zuwa saba, ba tare da waɗancan manhajojin ba, na saita masa haka. Na sake rubuta fom ɗin da PHP, wani harshen rubuta manhaja, yana turo saƙo kai tsaye zuwa imel ɗin makaranta. Mai ƙirga baƙi da akwatin bincike na cire su, bai ji daɗi ba amma ya haƙura. Na share tarkacen foldojin da ke farawa da _vti, irin su _vti_cnf da _vti_pvt. A cikin _private kuwa na tarar da tsohon fayil cike da sunayen yara da lambobin iyayensu. Gabana ya faɗi. Na sauke masa kwafi, na goge na kan sabar nan take.

Ya gyara layi ɗaya da kansa, ya latsa Publish, ya tafi. Har da kabbara.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. FTP irin wannan a fili yake tura kalmar sirri, ba a lulluɓe ba. Abin da ya fi shi ne ya riƙa gyara a FrontPage, ya ɗora da manhajar FileZilla ta SFTP, hanyar da ke lulluɓe kalmar sirri, amma wannan ƙarin mataki ne, ban ɗora masa yau ba. Sai ranar Asabar, a hankali.

Tuwon Umma ya huce kafin na iso. An ɗauke wuta bayan isha'i. Auta ya ce ciniki ba laifi.

Abin da ya rage shi ne iyayen da suka cike fom tun bayan sauyin sabar, don saƙonsu bai isa ko'ina ba. Gobe da safe zan sa Kawu ya rubuta sanarwa a zauren WhatsApp na iyaye, duk wanda ya cike ya sake cikewa kafin a rufe ɗaukar ɗalibai.