Tarar fam 80 a kan motar da na sayar tun watan Fabrairu

Ranar wata Talata a cikin watan Yuli na dawo daga aikin dare, ido ya yi nauyi, na tarar da ambulan mai ruwan ƙasa a bakin ƙofa. Duk wanda ya ɗan zauna a Ingila ya san irin wannan ambulan na hukuma ne. A tsaye na buɗe shi, ban ko cire takalmi ba. Wasiƙa ce daga DVLA, hukumar da ke riƙe da rajistar motoci da lasisin direbobi, wadda babban ofishinta yake Swansea a yankin Wales. Abin da ta ƙunsa gajere ne: motar da ke rajista da sunana ba a biya mata haraji ba, ba a kuma sanar da cewa an ajiye ta ba a hawa titi da ita ba, don haka an ci ni tarar fam 80. In na biya cikin kwana 33, fam 40 ne.

Na duba lambar motar sau biyu. Tawa ce, ko in ce tawa ce a da. Wata biyar ke nan rabona da ita.

Ƙaramar mota ce mai shan dizal, ƙirar 2009, shekara huɗu muka yi tare ba ta taɓa ajiye ni a hanya ba. Abin da ya raba mu shi ne dokar tsaftace iska ta Birmingham, wadda ta fara aiki a watan Yunin 2021. Duk tsohuwar motar dizal da ta shiga cikin zoben titin Middleway, wanda ya kewaye tsakiyar birnin, sai an biya mata fam 8 a rana. Da wurin aikina yana wajen zoben ban damu ba, amma da aka mayar da ni ciki, lissafi ya ƙi. Kwana biyar a mako, fam 40 ke nan kafin a zo maganar mai.

Wani dattijo da muke salla tare, wanda duk muke kira Baba, shi ya haɗa ni da mai saye. Yaro ne matashi ɗan gida, bai fi wata takwas da zuwa ƙasar ba, yana aikin kula da tsofaffi a wasu garuruwa da ke wajen birni inda bas ba ta kai shi a kan lokaci. Motar ta dace da shi sosai. Suka zo ranar Asabar da hantsi, ya zagaya da ita, muka daidaita a kan fam 1,400, ya tura mini kuɗin nan take. Na ɗauko jar takardar rajista, wadda ake kira V5C, mu kuma muke ce mata logbuk. Sai ya ce, "Yaya, ka ba ni ita gaba ɗaya, ni zan cike in aika musu. Kai da ke aikin dare, ka huta."

Na san a raina cewa ba haka ake yi ba. Ban san dokar dalla-dalla ba a lokacin, amma na san akwai wani yanki da mai sayarwa yake yi da kansa. Abin da ya hana ni magana kunya ce. Ga Baba a zaune, shi ya kawo yaron, in na ce a'a kamar na ce ban yarda da wanda ya kawo ba. Haka muka taso. A gida sau nawa na ga an sayar da mota a gaban dillali da shaidu biyu, a biya la'ada, a yi addu'a, takardu kuma su ci gaba da yawo da sunan mai ita na farko shekara da shekaru, hannu uku ko huɗu, ba wanda ya tada maganar. Da wannan ido na kalli cinikin. Na miƙa masa logbuk ɗin.

Uwargida ce ta leƙo daga ƙofar kicin ta ce, "Abban yara, ku dai rubuta wani abu mana. Ai ko addini ya ce a rubuta." Don kada in ƙi maganarta a gaban baƙi na yago takarda daga littafin makarantar yarinyarmu. Muka rubuta kwanan wata da lokaci, lambar mota, kuɗin da aka biya, milolin da ke kan agogonta, sunansa da adireshinsa, muka sa hannu mu biyu, Baba ya sa nasa. Ta karɓa ta ajiye a cikin jakar da take adana takardun asibitin yara. Wannan 'yar takarda ita ce ta fitar da ni daga baya.

Ga abin da ya kamata in yi a ranar, wanda ban gane ba sai da na zauna na karanta shafin gwamnati da wasiƙar tara a gefena. Sanar da DVLA cewa mota ta bar hannunka nauyin mai sayarwa ne. A cikin logbuk akwai ɗan koren yanki na sabon mai mota, shi kaɗai ake yagewa a ba mai saye. A fuskar takardar kuma akwai lamba mai alƙaluma 11. Da ita ake shiga shafin hukuma a intanet, a sa sunan mai saye da adireshinsa da ranar ciniki, nan da nan saƙon imel ya zo yana tabbatar da cewa an cire sunanka. Aikin minti biyar ne, ana iya yin sa a waya tun mai saye bai tada mota ba. A jikin logbuk ɗin ma an rubuta ƙarara cewa ita ba shaidar mallaka ba ce. Hukuma ba ta tambayar wa ya biya kuɗi ya sayi mota. Wanda ta sani shi ne wanda sunansa ke cikin rajista a matsayin mai riƙe da ita, kuma shi take nema da haraji da inshora da duk wata tara.

Akwai kuma wani abu da mutanenmu da yawa ba su sani ba. Tun ranar 1 ga Oktoban 2014, lokacin da aka daina liƙa zagayayyar takardar haraji a gilashin gaba, haraji ba ya bin mota zuwa hannun sabon mai ita. Da zarar an sanar da ciniki, sai a soke harajin mai sayarwa, a mayar masa da kuɗin cikakkun watannin da suka rage, mai saye kuma ya biya nasa kafin ya hau titi, da lamba mai alƙaluma 12 da ke jikin koren yankin nan. Ni na biya na shekara guda, zai ƙare a ƙarshen Afrilu. Kuɗin Maris da Afrilu haƙƙina ne da na sanar a kan lokaci, amma ana lissafin mayarwar ne daga ranar da labari ya isa hukuma, don haka sun wuce.

Wurin da ya fi yi mini ciwo shi ne watan Afrilu. A watan ne takardar tunatarwa ta zo cewa harajin motar ya kusa ƙarewa. Na karanta, na ce a raina ai na sayar, ƙila ba su gama gyara bayanansu ba ne, na jefa ta cikin kwandon takardu. Wata biyu da ciniki, ba wasiƙar tabbatarwa, ba cakin mayar da kuɗi, ga kuma tunatarwa da sunana. Alamu uku a jere, duk suna faɗa mini abu guda, ban saurara ba. Da na ɗaga waya a ranar, da ba a kai ga tara ba.

To, yanzu ga wasiƙa a hannu, me zan yi?

Wani abokin aikina ya ce kada in biya ko kwabo. A ganinsa biya amsa laifi ne, tunda ina da shaidar na sayar da mota, in rubuta musu in tsaya a kan bakana. Maganar ta yi mini daɗi a kunne, domin raina a ɓace yake. Sai dai da na karanta sharuɗɗan ƙalubalantar tara, na ga ba shaidar ciniki ake nema ba. Shaidar da ake nema ita ce ta cewa ka riga ka sanar da hukuma kafin ranar laifin, misali wasiƙar da suke aikowa ta tabbatarwa, ko kuma ka riga ka biya haraji, ko ka yi sanarwar ajiye mota da ake kira SORN. Mantuwa, ko tafiya, ko ɓatan takarda, ko rashin ganin tunatarwa, duk an jera su a cikin abubuwan da ba a karɓa. Takardarmu ta littafin makaranta tana nuna na sayar. Ba ta nuna na sanar, domin ban sanar ba. Wanda ya aika da logbuk ɗinsa ta gidan waya kuma yana riƙe da rasidin aikawa, ko yana da imel ɗin tabbatarwa, wannan yana da abin tsayawa a kai, kuma ina ganin ya kamata ya tsaya. Ni ba ni da shi. In kuma na yi shiru, fam 40 za ta koma 80, daga nan a miƙa maganar ga kamfanin karɓo bashi.

Na biya fam 40 a daren. Gaskiya ban ga zalunci a ciki ba. Ofishin da ke Swansea ba shi da hanyar sanin abin da ya faru a falona ranar Asabar sai in ni na faɗa masa.

Biyan tara ba ya cire suna daga rajista, kuma wannan ne ya hana ni barci. Muddin sunana na nan, duk abin da motar ta yi a titi ƙofata zai ƙwanƙwasa. In kyamara ta kama ta tana gudu fiye da ƙa'ida, ni za a aiko wa takarda, kuma doka ta ba mutum kwana 28 ya faɗi wanda ke tuƙi, in ya kasa a ɗora masa makin hukunci shida a lasisinsa. In inshorarta ta yanke, mai suna a rajista ake ci tarar fam 100. Rashin sanar da sauyin hannu shi kansa laifi ne da kotu ke iya cin mutum har fam 1,000 a kansa. Ni kuwa da lasisina nake zuwa aiki, da shi nake kai yara makaranta.

Na kira yaron don ya turo mini hoton fuskar logbuk in samu lambar nan mai alƙaluma 11. Waya a kashe. Washegari haka, jibi haka. A kwana ukun nan zuciyata ta saƙa mini abubuwa marasa kyau a kansa, ina neman gafarar Allah a kan haka.

Wanda ba shi da logbuk a hannu wasiƙa yake rubutawa. Uwargida ta ɗauko takardar nan daga jaka, na kwafe komai: sunana da adireshina, lambar mota, ƙirarta da samfurinta, ainihin ranar da na sayar, suna da adireshin wanda ya saya. Na haɗa da kwafin takardar cinikin da na bayanin banki mai nuna shigar fam 1,400 a ranar. Ban yi dogon bayani ba, ban kuma ɗora wa kowa laifi ba. Na kai gidan waya na aika ta hanyar da ake sa hannu in an karɓa, na ɗauki hoton rasidin. Da ba mu rubuta adireshinsa a ranar ba, ban san abin da zan sa a wasiƙar ba, domin ni dai unguwarsu kawai na sani.

Bayan mako guda sai ga kira daga baƙuwar lamba. Shi ne. Wayarsa ce ta lalace, Baba ne ya je har gidan da yake haya ya faɗa masa ina nemansa. Muryarsa na rawa ya ce, "Yaya, wallahi takardar tana cikin aljihun gaban mota tun ranar. Na ɗauka tunda ina da inshora shi ke nan, kuma an ce mini da harajinta kuka sayar mini." Inshorar da ya yi tun ranar farko ita ce ta sa wasiƙar rashin inshora ba ta taɓa zuwa mini ba. Amma harajin, bai san ya ƙare ba, bai ma san tun asali ba nasa ba ne.

A nan fushina ya sauka, tsoro ya maye gurbinsa, tsoro dominsa. Fiye da wata biyu yana yawo tsakanin gidajen tsofaffi da mota marar haraji. Ana iya ɗaure mata ƙafa a bakin titi ko a ɗauke ta, kuma in magana ta kai kotu tarar tana iya kai fam 1,000 ko ninki biyar na harajin, duk wanda ya fi yawa. Yaron da ke tura rabin albashinsa gida, ina zai sa kansa? Baƙo ko da ido makaho ne, ni kuma da na shekara goma sha ɗaya a ƙasar nan ni ya kamata in zame masa ɗan jagora ranar cinikin, na bar kunya ta rufe mini baki. Na ce masa kada ya sake tada motar, ya jira ni.

Da yamma na hau bas na same shi. Muka zauna a cikin motar, har yanzu da ɗan tasbahan da na manta a jikin madubi. Muka yage koren yankin, muka shiga shafin hukuma a wayata, ya biya harajinsa ta hanyar cire kuɗi wata-wata daga asusunsa. Na nuna masa inda ake sa lambar mota kyauta a ga ranar ƙarewar haraji da ta gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, wato MOT, muka ga nasa saura wata biyu, ya rubuta a bayan hannunsa kafin ya samu takarda.

Da zan fita ya zaro fam 40 daga aljihu ya ce in yi wa Allah in karɓa. Na ce masa rashin sanarwa ne ya jawo tarar, sanarwa kuma aikina ce, ya mayar da kuɗinsa. Muka ɗan ja, har ya ce zai kai ƙarata wurin Baba. Na ce ya kai.

Wasiƙar tabbatarwa ta iso kafin mako huɗu su cika, a cikin ambulan mai ruwan ƙasa irin na farko, tana cewa an cire sunana daga rajistar motar. Shi ma sabon logbuk ya same shi da sunansa, ya turo mini hotonsa da sassafe. Uwargida ta karɓi wasiƙar ta haɗa da takardar cinikin da rasidin gidan waya ta mayar cikin jakarta. Baba kuma ya aiko cewa akwai wani ɗan'uwa da zai sayar da motarsa ranar Lahadi, in zo da wayata.